Kwamfutar da Ta Sha Turare

Wani mai sayar da kifi ya taɓa ɗauko mini kwamfuta tun daga Jabal Awliya, a rungume a cinya, mota biyu da raksha mai ƙafa uku ɗaya, har shagona na bayan kasuwar Umdurman. Ya dire ta kan tebur yana share gumi, ya ce ta rasu tun shekaranjiya, in da abin da za a cire a sayar in cire. Na jona ta, na danna, ta tashi garau. Ya kalle ta, ya kalle ni, ya ce shi dai a gida ba haka take yi ba. Na tambaye shi inda yake jona ta, ya ce a wata doguwar soket mai ɗan jan makunni. Na ce ya koma ya duba makunnin. Da yamma ya bugo waya, murya ƙasa-ƙasa, ya ce ashe kyanwa ce ta taka. Har yau in mun haɗu ita nake fara tambaya kafin iyalinsa.

Ku yi dariyarku, amma ku ma da shi kuke tafe. Kun kalli bidiyo uku a waya, kun ga wani ya zare ram, ɗan siririn allon ƙwaƙwalwar kwamfuta, ya mayar, kwamfuta ta tashi, shi ke nan kun yanke cewa sana'ar nan shan shayi ce. Kallon kitse kuke yi wa rogo. A bidiyo ba a nuna muku mai kwamfutar tsaye a kanku yana rantsuwa cewa babu abin da ya taɓa, alhali ga miyar kuka ta bushe a jikin madannai.

Ni ba a kan kwamfuta na fara ba. Usta Bashir, wanda mahaifina ya damƙa ni a hannunsa, mai gyaran rediyo ne, kuma wata shida na yi a wurinsa bai bar ni na taɓa mafak ba, wato abin kwance sukuru. Aikina shara, sai tsayawa ina kallo. In an kawo rediyo ba ya buɗe ta nan take. Sai ya kara kunne, ya kai hanci ya shanshana, sannan ya juya ga mai ita ya ce, "Me aka yi mata?" Mai ita ya ce ba komai. Usta ya ɗan yi hira kan tsadar albasa, ya sake tambaya. Sai ka ji an ce to, ta ɗan faɗi, amma ba da ƙarfi ba. A tambaya ta uku ne gaskiya take fitowa, cewa cikin randa ta faɗa. Yakan ce mini mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, sai dai ba ya faɗa a tambayar farko. Da kwamfutoci suka fara shigowa gari ya riga ya tsufa. Ya leƙa cikin guda ɗaya, ya ce wannan ai rediyo ce mai girman kai, in je in koya, amma kada in yar da tambaya uku.

Kayan aikina ba su taɓa cika jakar hannu ba. Mafak biyu, buroshin fenti, mita ta awon wuta, guntuwar waya lanƙwasassa, sai istika, robar nan ta goge fensir da 'yan makaranta ke taunawa. Na ga kuna murmushi. Istikar nan ta ciyar da gidana fiye da mitar.

In kwamfuta ta ƙi tashi, daga bango ake farawa, mai kifi ya riga ya koya muku wannan. In bango da wuta, waya lafiya, amma ka danna ta yi shiru ƙus, sai ka tuhumi akwatin da ke raba wuta a cikinta, wanda muke kira fawa. Ka zare babban filoginsa daga bod, wato faffaɗan allon da komai ke manne a kai, ka haɗa koriyar waya da baƙa da guntuwar wayar nan. In fankarsa ta juya, da sauran ransa. Kada dai karambani ya sa ka buɗe cikin fawan, yana riƙe wuta ko bayan an zare shi, ya taɓa zaunar da ni kan bokitin shara a gaban mata biyu. In kuma fanka na juyawa amma allo baƙi ƙirin, sai ka saurara. Akwai 'yar lasifika a ciki da take kuka. Ƙit guda ɗaya gajere, lafiya ke nan. Dogon kuka ana maimaitawa, yawanci ram ce ta yi datti a baki, ka zare ta ka goge haƙoranta masu ruwan zinare da istika. Duk wannan za ku haddace shi a yini ɗaya. Abin da ya sa na ce ba ku iya ba tukuna, sai na ba ku labarin Hajja Sa'adiya.

Hajja Sa'adiya mai haɗa humra da turaren wuta ce a Alsawra, kuma a hara tasu, wato unguwarsu, babu amaryar da ta tare ba da ƙamshin hannunta ba. Shekaru kafin yaƙi ta zo shagona da kaset guda ɗaya a naɗe cikin hankici. Muryar mahaifinta ce, Malam Idi, wanda ya baro ƙauyensu a ƙasar Haɗeja yana saurayi, ya taka har Makka, a hanyar dawowa ya yada zango a Umdurman, zangon da bai tashi ba har ya koma ga Allah. Kafin rasuwarsa aka zaunar da shi ya ba da tarihinsa. Rediyo ta fara cin zaren kaset ɗin, saura ƙiris ya tsinke. Na juye muryar cikin wata tsohuwar kwamfutar tebur, na sayar mata da ita, na ajiye kwafi a shago. Ban ma saurari abin da tsohon yake faɗa ba, ina can ina fama da wani aiki. Da na gama, bakina bai bar ni ba, na ce, "Ya Hajja, halas, magana ta ƙare. Muryar nan ta zauna har abada." Bayan wata biyu kaset ɗin ya ƙarasa mutuwa.

Sai shekarar da yaƙi ya ɓarke. Ba zan cika ku da labarinta ba, kuna nan kuka gani. Na fito daga shago da jakar hannuna kawai, ina cewa jibi zan dawo. Daga baya aka aiko mini cewa an ɓalle ƙofar, har katakon kanta ba a bari ba, kwafin Malam Idi ya bi sahun sauran. Na koma gidan yayata a Alsawra da iyalina. Wuta ta ɗauke wata da watanni, mai gyaran kwamfuta ya zama ba shi da maraba da mai sayar da laima a tsakiyar rani. Wutar da ta rage a hara ita ce ta solar masallaci, wadda ke jan ruwa daga hantsi zuwa azahar. Daga azahar zuwa la'asar liman ya yarda a yi cajin waya, ni ne mai tsaron wayoyin. Da la'asar ta yi ake kashewa, a bar batir ya huta.

Ranar wata Laraba sai ga Hajja da 'yarta Nafisa, sun turo kwamfutar a amalanke, a lulluɓe da sabuwar laffaya. Hajja ta ce jibi Juma'a da sassafe za su bi mota zuwa gabas, daga can su nemi hanyar Najeriya. Ba su san kowa ba a can. Sun gwada kunna kwamfutar a gidan wani mai janareto, ta ƙi.

Na ce, "Ai ke kin haddace abin da ya faɗa, ya Hajja."

Ta ce, "Na haddace, Usta Musa. To in je ƙofar mutane da wannan Hausar tawa rabi Larabci, in ce ni 'yarku ce? Wa zai yarda? Amma in suka ji shi da bakinsa yana kiran sunayensu, ba sai na ce komai ba."

Na tambaye ta me aka yi wa kwamfutar. Ta ce, "Wallahi ba komai. Ko yaro ba na bari ya raɓe ta." Sau ɗaya na tambaya, domin lokaci gajere ne kuma ina ji da kaina. Na ji ƙamshi yana tashi daga cikinta da na buɗe murfin, ban kula ba. Duk abin da ya fito daga gidan Hajja ƙamshi yake yi, har akuyarta.

Bango da wuta, waya lafiya. Na gwada fawa da guntuwar wayata, fankarsa ta juya da ƙyar, amma ta juya. Na mayar da filogi na danna. Fankar da ke kan bod ta yi rawar ɗari ba ta juya ba, lasifika ta saki dogon kuka sau uku, sannan komai ya mutu. Na zare ram, na goga mata istika a gurguje, na mayar. Haka dai. Na sauya mata rami, na sake dannawa, ba abin da ya sauya. Na auna nan, na auna can, mutane sun kewaye ni kowa da shawararsa, wani har yana cewa a buga mata gefe kamar yadda ake yi wa talabijin. Na yi tunanin zare hardi, ma'ajiyar da muryar ke ciki, amma tsohon yayi ne mai faffaɗar waya, kuma duk hara babu wata kwamfutar da zan jona shi. In na ba ta shi ta tafi da shi, za ta isa ƙofar mutane ne da guntun ƙarfe a hannu. Aka kira la'asar, aka kashe wuta.

Na ce mata ina jin bod ɗin ne ya mutu. Ba ta yi faɗa ba. Ta gyara mayafinta ta ce, "Kai fa ka ce har abada." Kunya ta kama ni sosai, na rasa inda zan ajiye idona.

Bayan la'asar ina zaune a rumfar gidan yayata, na sa hannu a aljihu in ɗauko carbi, sai na ji istika ta manne da yadin riga. Na ɓamɓaro ta, gefen da na yi guga da shi ya koma launin ƙasa, yana danƙo. Yayata da ke tsintar wake a gefe ta ɗaga hanci ta ce, "Wa ya ba ka turare? Wannan ai haɗin Sa'adiya ne, mai sandal." Ƙura na sani, na yi shekaru ina hure ta, ba ta danƙo kuma ba ta ƙamshi. A nan na tuna cewa Usta Bashir na bina bashin tambaya biyu.

Da sassafen Alhamis na yi sallama a gidan Hajja. An ɗaure kaya, gadaje a jingine da bango. Ta ba ni shayi, muka taɓa hirar hanya, sannan na ce, "Ya Hajja, kwamfutar nan, a ina take zama?"

"A ɗakina, kan tebur. A killace."

"Ba abin da ake yi mata?"

"Kulawa dai."

Nafisa tana naɗe tabarma, na ga kafaɗunta suna rawa. Na kurɓi shayi, na bar maganar ta ɗan huce, sannan na ce wace irin kulawa.

Nafisa ta ce da uwarta, "Yumma, ki faɗa masa mana."

Hajja ta harare ta, ta juyo gare ni. "To mene ne a ciki? Duk Juma'a in na kunna shi yana magana, nakan sa kasko a ƙarƙashin tebur, in rufe su da laffaya don hayaƙin ya shiga sosai. Mahaifina ne a ciki, ya Usta. In turara labule, in turara filo, shi in bar shi haka?"

"Shekara nawa?"

"Tun ranar da ka ba ni."

Nafisa ta ƙara da cewa tun da wuta ta ɗauke aka ƙara masa Litinin da Alhamis, wai don kada ya ji an manta da shi.

Kun san yadda ake haɗa turaren wutarmu, da sukari ake soya icen, a zuba mai. Fanka kuwa aikinta jan iska. Shekara da shekaru na'urar nan tana zuƙar hayaƙin sukari da mai ƙarƙashin laffaya kamar amaryar da ake gyarawa, ƙura na biyo baya tana mannewa. Bod bai mutu ba. Alawa ce ta toshe ramin ram, ta ɗaure fanka. Na bayyana mata. Ta ce ita ba ta ga laifin turare ba, kwamfutar ce ba ta da asali.

Gano cuta daban, samun magani daban. Irin wannan danƙo buroshi ba ya ɗaga shi, ruwa kuwa ba a kai shi kusa da bod. Isbirto ake so, farin sinadarin nan mai saurin bushewa. A lokacin duk kantin magani babu, ɗan wanda ya rage na masu rauni ne, ba ni da fuskar da zan roƙa. Na faɗi haka ina kallon ƙasa. Hajja ta ce, "Isbirto? Wanda ake tsinka turare da shi?" Ta tashi ta kwance wani ƙullin kaya da aka riga aka ɗaure, ta zaro kwalba guda cike. Nafisa ta ce, "Yumma, wannan fa shi ne jarinki in mun isa." Hajja ta ce in sun isa ba a buɗe musu ƙofa ba, wa za ta sayar wa humra. Ta miƙo mini.

Tun hantsi na baje kwamfutar a inuwar masallaci, na warware ta gaba ɗaya kan tabarma. Buroshin haƙori na yi amfani da shi, da auduga a bakin tsinke. Ramin ram kaɗai ya ci mini kusan awa guda, ina gogawa auduga na fitowa kamar an tsoma ta a madi. Fanka na cire na wanke ganye ɗaya-ɗaya, na ɗiga mata man keken ɗinki har ta yarda ta juya da hurawar baki. Masu zuwa ɗiban ruwa suna wucewa suna cewa yau masallaci ƙamshin gidan biki yake yi. Kwalbar ta tashi daga cike ta koma saura yatsa biyu. Na bar komai ya bushe, na haɗa, na zauna jiran azahar. Ban taɓa jin liman ya ja sallah kamar ta ranar ba, ko da yake shi ya ce yadda ya saba ya yi.

Da aka sallame aka ba ni wuta. Na yi bisimilla na danna. Fanka ta juya. Lasifika ta ce ƙit, sau ɗaya. Allo ya kawo rubutu yana ƙorafin cewa ɗan batirin agogonta ya mutu, a ganinta ma Nafisa ba ta gama firamare ba. Na danna mata maɓallin da ta nema, ta yi ta nishi kamar tsohuwa za ta tashi daga tabarma, daga ƙarshe ta buɗe. Na fara juye muryar a katin waya, sannan muka jera wayoyi uku a gaban lasifika don kada a yi sake, na kunna.

Murya ce ta tsoho, a shaƙe, da Hausa irin wadda kakanninmu suka zo da ita, babu Larabci ko ɗaya sai na addu'a. Ya faɗi sunansa da na mahaifinsa, da ƙauyensu Tudun Kanya, da rijiyar da ke ƙofar gidansu. Ya kira ƙanwarsa Hanne da ƙanensa Tanko, waɗanda ya bari suna ƙanana. Ya jero garuruwan da ya ratsa, Yarwa, Abashe, Jinena, Fashir. Sai ya yi tari ya ce, "Akwai kuma maganar jaki. Jakin Kawu Sule ne, aro na karɓa, na ce in na dawo zan mayar. A Abashe ya mutu. Duk wanda ya je a cikinku, ya ce su yafe mini." Mutanen da suka taru suka fashe da dariya, har liman. Hajja na dariya tana share ido da gefen laffayar da ta rufo kwamfutar da ita. Ni kaina na sunkuya, na yi kamar ina duba waya a bayan tebur. Sau biyu muka saurara kafin la'asar.

Kwamfutar ba ta da wuri a mota, ta bar mini ita amana. Da za ta tafi ta miƙo mini ƙullin turare, ta ce tunda na ce yana cutar da ita, to in rage yawa. Na ce ba ragewa za a yi ba, dainawa za a yi. Ta ce, "Kwayyis," wato da kyau, irin kwayyis ɗin da ake faɗa wa yaro.

Wata biyar ban ji ɗuriyarsu ba. Rannan ina tsaron wayoyi sai saƙon murya ya shigo. Hajja ce. Ta ce sun sami ƙauyen, rijiyar ma tana nan. Hanne da Tanko sun rasu, amma 'ya'yansu sun cika gida. Da farko an ba su ruwa a zaure ana kallonsu kamar masu talla. Sai Nafisa ta kunna waya. Ana zuwa wurin jaki wani dattijo, jikan Kawu Sule, ya miƙe tsaye ya ce tun yana yaro ake ba su labarin Idi da ya tafi da jakin gidansu, har in mutum ya ari abu ya daɗe akan ce ya yi aron Idi. A daren aka share musu ɗaki. Ta ce, "Sun yafe, ya Usta. Amma kullum sai sun tambaye ni ko na taho da jakin."

Ga kwamfutar can a kusurwar shagon nan da na sake buɗewa, wadda kuka ce in jefar don ta tare muku wuri. Tana tashi har yanzu, ƙit ɗaya. Duk wanda ya zo koyon aiki a nan ita nake fara ba shi ya buɗe, ya gaya mini abin da hancinsa ya ji, kuma har yau ba a sami wanda ya ce komai ba sai ƙura. Ƙullin turaren nan kuwa bai ƙare ba, don kaɗan-kaɗan nake ɗiba. Ranar Juma'a in na rufe shago za a tafi masallaci, nakan kashe ta, in zare waya daga bango, in ajiye kasko can bakin ƙofa, nesa da fanka. Ni na san hayaƙin ba ya kai wa gare shi. Amma amana aka ba ni, kuma tsohon ya saba.